Sunan da Gari Uku Suka Ji Tare

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A ofis tambaya, a waya tambaya, jiya har wata ta biyo ni wajen alwala tana cewa, "Rabi, wai da gaske a ɗakin mai jego kika kafa kwamfuta?" To, da gaske ne. Ga labarin nan daga farko, wanda ya sake tambayata bayan wannan sai ya sayo mini tsire.

Sani ne ya ja ni. Ɗan gwaggona ne, taubashina, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Shi ya haɗa wa ƙungiyar manoman yankinsu hanyar sadarwa tasu ta kansu. Ya ɗora 'yan farantan eriya a kan tankunan ruwa, sitonsu na garin Turawa yana magana da na Kurugu da na Rogo Sabon Gari ba tare da an jira sabis ɗin waya ba. Matarsa Maryam ta haihu, haihuwar fari, mace, tana gidansu a Rogo wajen wanka. Ina yi masa barka a waya ya katse ni.

"Rabi, so nake suna ɗaya ya isa gari uku a lokaci ɗaya."

Na ce, "Ka kira su a waya mana, ɗan ƙauye."

Ya ce, "Wa zan fara kira, 'yar birni?"

Ashe nan maganar take. Tsofaffi uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbansu yana Turawa, shi ne kakan Sani, kowa Baba Tsoho yake ce masa. Sai Baffa Tanimu a Kurugu, sai autarsu Iya Asabe a Rogo, ita ce kakar Maryam. Dukkansu ƙafa ta ƙi, babu mai iya hawa babur yanzu. A gidan, Baba Tsoho ne ke faɗar sunan kowane jariri da bakinsa, ko uban ɗa ba ya sani sai an taru. A wani sunan da aka yi a baya, wani ya yi azarɓaɓi ya kira Iya Asabe a waya, shi kuwa Baffa sai a bakin ɗan acaɓa ya ji, domin Kurugu sai ka hau tudu kake samun sabis. Baffa ya mayar da naman suna, shi da ƙanwarsa suka shafe damina guda ba sa gaisawa. Shi ne wannan karon Baba Tsoho ya ce, "Ko su biyun su ji tare daga bakina, ko liman ya raɗa wanda ya ga dama, ni na cire hannuna." Sani ya ce mini tsohon bai taɓa faɗar magana ya janye ba, kuma wannan ce tattaɓa-kunnensa ta farko.

Abin da ake buƙata mu a wajen aiki muna ce masa maltikas. Maimakon ka aika wa wannan saƙo, ka juya ka aika wa wancan, sai ka aika sau ɗaya zuwa wata lamba ta rukuni, duk na'urar da ta ce tana cikin rukunin ta samu tare da sauran. Akwai wata 'yar manhaja da nake ji da ita, ba hoto ba kwalliya, baƙin allo ne kawai ka rubuta umarni. Layi ɗaya ya sa ta aikawa, layi ɗaya ya sa ta shiga rukuni ta kasa kunne. Ka haɗa bakin mai aikawa da makirfo, ka haɗa na mai karɓa da lasifika, magana ta ƙare. Sani ya san wannan, amma shi zai riƙe wa kakansa makirfo a Turawa, kuma babu namijin da zai shiga ya zauna a ɗakin mai jego. Ya ce, "Yau dai zamanki mace ya yi mini rana." Na ce Allah ya shirye shi, na haɗa jaka.

A tashar Kabuga direba ya so ya cusa lasifikokina biyu ƙarƙashin buhun taki. Na ce wallahi bai isa ba, na rungume su a cinya. Ba mu wuce Janguza ba wani dattijo da ke kusa da ni ya gyara murya, ya ce, "Hajiya, na basir ne ko na shawara?" Na ce me? Ya nuna lasifika. Wai ya ɗauka mai tallan magani ce ni. Motar ta kwashe da dariya, ni ma na yi har da hawaye. Na yi masa bayanin aikina tun daga Kabo har muka hango Karaye, yana gyaɗa kai yana cewa madalla. Da zai sauka ya sunkuyo ya ce, "To in kin samu na ciwon baya ki tuna da ni."

Daga Karaye Sani ya ɗauke ni a babur zuwa Turawa. Lokacin cirar gyaɗa ne, duk gonar da muka wuce an kife ta tana shan rana, kuma duk wanda ya gan mu sai ya ɗaga hannu, Sani ya rage gudu su gaisa. Na ce masa a haka sai gobe za mu isa. Ya ce, "Ai ba ki ga gaisuwa ba tukuna."

Na gan ta kuwa. Baba Tsoho yana zaure a kan buzu, siriri, gemunsa fari fat, idonsa tar. Na durƙusa na ce, "Baba ina wuni, ya jiki, ya iyali." Nawa ya ƙare ke nan, domin mu a birni in ka kai uku ka yi ƙoƙari. Shi kuwa yanzu ya fara. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mahaifina da sunansa, da mahaifiyata, da maigidana, da yara, da maƙwabtan da shi bai san su ba, ni ma ban san su sosai ba. Kowace tambaya da addu'arta. Gwiwata ta yi tsami, "lafiya lau" ta ƙare a bakina na koma "alhamdu lillahi", Sani yana bayan ƙofa yana cije leɓe don kar dariya ta kuɓuce masa. Da ya gama ya dubi kwamfutata ya ce, "Wannan ce za ta kai muryata?" Na ce in sha Allahu. Ya ce, "Ba kaiwa ba, 'yar nan. Tare." Na ce, "Tare, Baba."

A ɗakin wata matar gidan aka sauke ni. Tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa har da man shanu, ga dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira a kwano. Ni da nake cewa ina rage ƙiba, kar ku tambaye ni yadda kwanon ya ƙare. Abin da ya ba ni mamaki, ba a zama da baƙo yana cin abinci. Su ajiye, su ce bismilla, su fice, don kar ka ji kunya. Mu a gidanmu a kanka za a tsaya ana cewa ka ƙara.

Washegari na tafi Kurugu, Sani ya zauna a Turawa zai aiko. Malam Ado, mai kula da siton can, shi zai riƙe kwamfutar Kurugu ranar suna. Ya ja waya daga sito zuwa ƙofar gidan Baffa, na shimfiɗa tabarma na buɗe kwamfuta. Kafin na ɗago kai, mutane sun yi layi. Mata da goyo, dattawa suna gyara hula, wata tana goge wa 'yarta fuska da bakin zane. Wai an ce masu yin katin ɗan ƙasa sun zo. Malam Ado ya yi ta rantsuwa cewa ba su ba ne, wani tsoho ya ce, "To a ɗauke ni hoton dai, tunda na riga na sa riga." Na ɗauke shi da wayata, ya duba, ya ce ya fi haka kyau a fili.

Baffa Tanimu bai ce mini komai ba sai da muka gama gaisawa. Sannan ya ce, "An riga an je wa Asabe da wannan abin?" Na ce a'a, nan na fara zuwa. Sai ga murmushi, ya sa aka kawo mini fura. Na rubuta umarnin shiga rukuni, layuka suka fara gangarowa a baƙin allo, ga muryar Sani a lasifika: "Ɗaya, biyu, uku, 'yar birni kina ji?" Na ce ya yi, na rufe. Na nuna wa Malam Ado yadda zai dawo da umarnin da maɓalli ɗaya, da yadda zai rubuta saƙo ya aika wa rukunin in yana da magana. Ya gwada sau biyu ya iya.

Hanyar Rogo ita ce ta girgiza mini ƙashi. Wajen iyakar Karaye da Rogo muka tarar da 'yan sintiri sun gitta igiya. Babbansu ya dubi lasifika, ya dubi jakata, ya ce me na ɗauko. Ina shirin fara dogon bayani, ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya ce, "Suna za ta kai." Mutumin ya ce, "Sunan wa?" Na ce ni ma ban sani ba, shi ya sa nake kai shi. Ya kalle ni, sannan ya fashe da dariya ya sauke igiya, har da ba ni rake guda, wai na sha a hanya.

Ni na tsallake iyaka lafiya, saƙona ne ya ƙi tsallakewa. A gidan Iya Asabe na shiga rukuni, na kira Sani ya aiko, allo ya yi shiru. Na duba waya, na duba eriya, komai lafiya. Can na tuna. Irin wannan saƙon, in ba ka faɗa wa manhajar ba, guzurin zango ɗaya take ba shi, da ya isa na'urar farko mai raba hanya sai ya mutu a nan. Turawa da Kurugu a layi ɗaya suke, amma tsakaninsu da Rogo akwai irin wannan na'urar. Na ce wa Sani ya ƙara lambar zango a ƙarshen umarninsa. Ya ƙara, sai ga muryarsa tangaran. Iya Asabe ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, Sani, a ina ka ɓuya?" Na ce ya yi, na rufe don kar batir ya ƙare.

Iya Asabe gajeriya ce, mai faɗa da dariya a lokaci ɗaya. Tambayarta ta farko, "Kin biya ta wajen Tanimu?" Na ce eh. Ta taɓe baki ta ce, "Ya ba ki furar nan tasa mai tsami, ko? Zauna ki ci abinci." Aka kawo kunun kanwa mai zafi, da farfesun kan sa na mai jego, da mazarƙwaila don baƙuwa. Ɗakin Maryam kuwa, jama'a, gidan burodi ne. Ga garwashi ƙarƙashin gado, ga tururin ruwan wanka, an toshe taga da tsumma. Ni a asibiti na haihu, da fanka a kaina. Kwamfutata ta fara huci, Iya ta ce, "Ita ma zafi take ji?" Ta ɗauko mafici ta shiga yi mata fifita.

Ranar suna da sassafe mata suka cika ɗaki da tsakar gida. Maryam tana bakin gado da jaririya, Iya tana kan kujera 'yar tsugunno kusa da lasifika. Na shiga rukuni. Muka ji hayaniyar zauren Turawa, muka ji ana raba goro, sannan muryar Baba Tsoho ta fito sarai kamar yana bakin ƙofa. Ya yi sallama, ya fara gaisuwa gida-gida, yana kiran kowane maigida da sunansa. Mata suna amsawa da amin, ni ina ta washe baki ina jin kaina.

Ba a yi minti biyar ba murya ta ɗauke ɗif.

Layukan allo suka tsaya cik. Na ƙwanƙwasa Turawa ta hanyar sadarwar, ta amsa, wato eriya lafiya take. Na kira Sani a waya, ba ya ɗauka, hannunsa na kan makirfo. Sai a lokacin na gane abin da ya faru. Akwatin da ke raba saƙo a siton Turawa ba ya bai wa kowa sai wanda ya ce yana cikin rukuni, kuma in aka jima bai sake jin ta bakinka ba sai ya ɗauka ka tashi, ya daina ba ka. Dole a sami na'ura ɗaya da ke zagayowa lokaci-lokaci tana tambaya ko ana nan, kowa ya amsa. Ba mu kunna ta ba. Ba mu kuma lura ba, domin duk gwajin da na yi irin gaisuwata ce, ɗaya biyu uku na rufe. Ban taɓa barin abin ya yi tsawon gaisuwar Baba Tsoho ba.

Maryam ta ce, "Anti Rabi, ki maido mana don Allah."

Maɓalli ɗaya zan danna Rogo ta dawo. Amma tare muka shiga rukuni da Malam Ado, na san su ma ta ɗauke musu, kuma babu wayar da za ta same shi. Yatsana yana kan maɓallin Iya Asabe ta ce, "Tanimu ma ta ɗauke masa?"

Na ce, "Eh, Iya."

"In kin taɓa nan, shi zai ji?"

"A'a. Mu kaɗai. In na bi ta ɗaya hanyar kowa zai ji, amma zai ɗau lokaci, kuma ban san inda Baba ya kai ba."

Ta ce, "To kar ki maido mini ni kaɗai. Bi ta doguwar. Inda ya kai kuwa, ni na sani."

Ta rufe ido ta ci gaba da gaisuwar daga inda ta yanke, da irin jan muryar yayanta. Gidan wane, Allah ya ƙara lafiya. Gidan wane, Allah ya raya zuriya. Ni kuma na shiga akwatin Turawa daga nan inda nake zaune. Gumi yana ɗiga a kan maɓallai, na rubuta kalmar sirri ba daidai ba, na sake. Wata mata ta karɓi mafici tana yi wa kwamfuta fifita, wata tana yi mini. Iya ta ce, "Ya gama Turawa, ya shiga gidajen Kurugu." Na lalubo wurin, na kunna mai tambayar. "Ya taho Rogo." Na adana, na zuba wa allo ido, babu abin da ya rage mini sai salati. "Saura magabata," in ji Iya, "daga su sai Fatiha."

Layi ɗaya ya faɗo a allo, wani ya biyo shi, sai ga murya: "…da iyayenmu da suka riga mu, Allah ya haskaka makwancinsu." Daidai kalmar da ke bakin Iya Asabe. Ɗakin ya ɗauki amin har sai da jaririya ta firgita. Gaisuwar da ta yanke mu, tsawonta ne kuma ya cece mu. Wallahi ban ƙara yi wa doguwar gaisuwa tsaki ba tun daga ranar.

Aka shafa Fatiha. Baba Tsoho ya yi gyaran murya, ya yi shiru har na sake duban allo a tsorace. Sannan ya ce, "Tanimu, Asabe, ku saurara. Sunan yarinya Hauwa'u."

Na zaci guɗa za ta tashi nan take, sai na ga manyan matan suna kallon Iya. Ta sa hannu ta rufe bakinta, hawaye yana bin yatsunta. Maryam ta raɗa mini cewa sunan mahaifiyarsu ne, su ukun. Ba sa iya kiran sa don kunya, kuma duk jikokin da aka haifa tsohon bai taɓa sa wa kowa ba, yana ajiye da shi. Sai da Iya ta sauke hannu ta ce, "To ku yi mana, me kuke jira?" sannan guɗa ta ɓarke har tsakar gida. Ni ma na yi, ban san na iya ba.

Ana cikin haka rubutu ya fito a baƙin allo, daga Malam Ado: "Kurugu mun ji. Ta ɗauke ta dawo. Baffa ya cire hula ya rufe fuska. Ya ce a tambayi Asabe ko ta ji." Na karanta mata. Ta share ido ta ce, "Rubuta masa na ji. Ki ce tare muka ji. Ki ce kuma ya ci naman, kar ya yi mana halin nasa." Na rubuta duka ban rage ko kalma ba. Amsa ta dawo: "Ya ce furarsa ba ta da tsami." Yadda aka yi ya san ta faɗi haka, Allah kaɗai ya sani.

Tsakanina da ku, Rogo ta fi nisa kuma akwai na'ura a tsakani, don haka Kurugu ta riga mu da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ban faɗa wa kowa a can ba. Duk wanda ya kai wannan maganar Rogo, ni da shi ne.

Na dawo da gyaɗa rabin buhu, da mazarƙwaila, da cinyar rago, da Sani yana ta yi mini gori wai gaisuwar ƙauye ta kayar da injiniyar birni. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne safiyar da zan taho. Ɗan acaɓa yana ƙofar gida yana danna ham, na leƙa ɗaki in yi wa Iya sallama. Na same ta ita kaɗai da jaririyar a cinya, ta sunkuyar da kai kamar mai gaida babba, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya gajiya? Kin same mu duk mun tsufa. Yaya yana gaishe ki, Tanimu ma yana gaishe ki."

Ɗan acaɓa ya sake danna ham. Na ajiye jakata a bakin ƙofa, na durƙusa, na jira har ta gama.